Takardar Baba Mai Kunne

Ranar da Yaya ya shigo ofishinta da ambulan a hammata, Auta ta san ba zumunci ne ya kawo shi ba. Shekararta huɗu tana aiki a hawa na uku na wannan gini, bai taɓa hawowa ba sai yau. Bai ko zauna ba. Ya dire ambulan ɗin a kan takardun da take dubawa, ya ce Baba ne ya aiko shi, ta sa wa wannan farashi, kuma kafin Litinin ake so.

Aikinta ke nan, sa wa takarda farashi. Ƙirar injuna ta karanta, amma maimakon masana'anta sai ta tsinci kanta a kamfanin da ke auna takardun haƙƙin ƙirƙira, wato takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu, ta ce shekara ashirin ba wanda zai ƙera irinsa ya sayar sai da izininsa. Bankuna da masu son zuba jari ne ke kawo musu irin waɗannan takardu, su tambaya ko suna da ƙarfi ko ado ne kawai. Duk wadda ta shafi inji, teburin Auta ake kawo ta. Ta ga masu hatimin zinariya da ba su kai darajar gilashin da aka rufe su da shi ba, ta kuma ga 'yar shafi biyu da ta durƙusar da ƙaton kamfani.

Wannan kuwa ta mahaifinta ce, kuma yau ta fara riƙe ta a hannu.

Baba Mai Kunne ake ce masa a layin masu walda da masu taya, inda garejinsa yake tun kafin a haife ta. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake jin ciwon inji tun daga bakin ƙofa, kafin mai shi ya gama sallama. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana fama da wani ɗan abu da ake ɗaura wa ƙananan injunan dizal, irin na niƙa da na ban ruwa. Inji zai tashi da dizal kamar kullum. Wani siririn bututu da aka naɗa a jikin salansa zai riƙa ɗumama tsohon man suya da gidajen abinci ke zubarwa, har ya tsinke. In zafi ya kai, sai wani bawul ya rufe dizal da kansa ya buɗe wa wancan man hanya. Masu niƙa suka sa wa abin suna ɗan canji, suna raha cewa shi kaɗai ne ɗan canjin da ba ya cin riba. Shekara uku da suka wuce Yaya ya kawo wani lauya, abokin abokinsa, aka nemo wa ɗan canji takarda. Sau biyu Auta ta nemi a nuna mata kafin a miƙa. Baba ya ce an gama, Lauya ya san aikinsa, ita ta ji da nata. Da takardar ta fito aka sa shafin farko mai hatimi a gilashi, aka rataye a falo.

Yanzu wani babban kamfanin injuna ya fito da nasa ɗan canjin, a kwali mai sheƙi, a rabin farashin na Baba. Lauya ya ce a kai su kotu, nasara a hannu take, abin da ya rage kawai rahoton ƙwararre da zai faɗi darajar takardar.

"Kar ki yi mana rowar sifili," in ji Yaya. "Gida za a kawo kuɗin."

Ba ta tsaya kan shafukan farko ba. A irin wannan takarda, farkon duk labari ne da zane. Ƙarfin yana can ƙarshe, a 'yan layukan da mai ƙirƙira ke faɗin abin da ya keɓe wa kansa. A ofis shinge suke ce musu: abin da ke ciki naka ne, abin da ke waje, ko da taku ɗaya ne, na kowa ne. Shingen Baba layi huɗu ne, kuma layin farko cewa ya yi bututun tagulla da aka naɗa sau uku a jikin salansa.

Ta sake karantawa. Ta tambayi Yaya ko yana da hoton na kamfanin, ya miƙo mata waya yana cewa ta gani da idonta, sata ƙiri-ƙiri. Ta buɗa hoton ta ƙirga da farce. Naɗi huɗu ne, kuma bututun na baƙin ƙarfe ne. Ta mayar masa da wayar, ta ce ya je za ta neme shi. Da ta ƙara kalma ɗaya a lokacin, da duk hawa na uku sun ji muryarta.

Kwana biyu ta yi tana tono, kamar yadda take yi wa takardar kowa. Ta samo wata tsohuwar takarda ta wata ƙasa, mai shekara arba'in da ɗaya, wadda wa'adinta ya ƙare tuni, da zanen bututu naɗe a jikin salansa yana ɗumama mai. Dabarar naɗin ma ke nan ba sabuwa ba ce, ko da yake ta tabbata Baba bai taɓa ganin wannan zane ba, da kansa ya gano. Abu na biyu kuwa ba ta sha wahalar nema ba, don ta san da shi. Shekara biyar baya Yaya ya ɗauki Baba bidiyo yana murmushi, yana kwance ɗan canji yana bayani dalla-dalla, ya sa a intanet. Shekara biyu ke nan kafin a nemi takarda. Abin da ka riga ka nuna wa duniya kuwa ya daina zama sabo a idon hukuma. Ko lauyan da ya fara aiki jiya zai iya tsayawa a kan wannan bidiyo ya sa a soke takardar gaba ɗaya.

Ofishin Lauya a saman wani kantin takalma yake, da sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye magani. Ya tarbe ta da fara'a yana kiranta ƙanwata, ya ce ai ya daɗe yana jin labarinta. Ta ajiye masa shafin ƙarshe ta tambaye shi dalilin da ya sa ya rubuta sau uku. Ya ce abin da aka ajiye masa a tebur ya ƙirga, uku ya gani. Ta tambaye shi me ya sa ya rubuta tagulla, maimakon ya ce bututun ƙarfe kowane iri, naɗi ko nawa. Sai ya gyara zama ya yi mata bayani a hankali, kamar yana koyar da 'yar firamare. Shinge mai faɗi yana jawo tambayoyin masu tantancewa, a yi shekaru ana musayar wasiƙu. Ƙarami kuwa wata takwas ya wuce. Dattijo ya ce yana son ya ga takardarsa da ransa, shi kuma ya ba shi abin da ya nema. Batun bidiyo kuwa ba a gaya masa ba.

"Ka tambaya?"

"Ƙanwata, ba kowane abu ake tambaya ba."

Ta ce tambaya ta farko ke nan da ake yi wa duk mai ƙirƙira, kuma shi ma ya sani. Ta ce ya dubi idonta ya gaya mata ko yana ganin za su ci shari'ar. Bai dubi idon nata ba. Ya ce shari'a ba a sanin ƙarshenta, wataƙila kamfanin ya ji tsoron ɓacin suna ya nemi sulhu. Ya ƙara da cewa ta kwantar da hankalinta game da ɗawainiya, an riga an shirya za a sayar da filin bayan gareji.

Nan ta fara jin wannan magana. Filin da Baba ke ajiye injunan mutane, inda itacen da suka yi wasa a ƙarƙashinsa yake. Ta tattara takardunta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce masa ya sayar wa tsoho gilashi da hatimi, yanzu kuma yana son ya sayar masa da shari'a. Ya yi dariya ya ce ta gaida gida.

Ranar Asabar da safe ta tafi gareji. A hanya ta tsaya wurin mai sayar da ƙarafa ta sayi bututun baƙin ƙarfe, tsawon hannu biyu. Ta tarar da Baba a tsugune gaban wani injin ban ruwa, ya karkata kai yana saurare, Yaya kuma na zaune a benci yana waya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da sakin fuska, ya ce Auta an kawo mana sifilan? Ya kashe injin ya goge hannu.

Ta yi niyyar bi a hankali. Ta fara da cewa aikinsa aiki ne na gaske, ta ga ɗaruruwan takardu kuma kaɗan ne suka kai shi amfani. Ya ce ya san wannan, ta faɗi farashi. Sai ta ɗauki bututun da ta sayo, ta ɗaure shi a jikin wata tsohuwar salansa da ke maƙale a bakin tebur, ta naɗa da ƙarfinta, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Naɗin bai yi kyau ba, gefe ɗaya ya lotse, ta ga Baba ya yamutsa fuska saboda ɓarnar bututu. Ta miƙa masa shafin ƙarshe ta ce ya karanta layin farko, sannan ya dubi abin da ta naɗa, ya gaya mata ko yana cikin takardarsa.

Ya sa tabarau ya karanta, leɓensa na motsi. Ya dubi salansar. Ya ce ai abu ɗaya ne, ko makaho ya shafa ya san abu ɗaya ne. Ta ce a wurin makaniki abu ɗaya ne, a wurin alƙali ba ɗaya ba ne. Alƙali ba zai saurari inji ba, layin nan zai karanta. Uku aka rubuta, su huɗu suka yi. Tagulla aka rubuta, su baƙin ƙarfe suka sa. Da gangan suka yi, bayan sun karanta wannan shafin.

"To nawa ce darajarta?"

"In wani ya kawo mini ita a ofis, Baba, zan ce masa kar ya saya."

Baba ya cire tabarau ya ninke. Da ya yi magana, ba da ƙarfi ya yi ba, kuma hakan ya fi mata ciwo.

"Da ƙarfen nan na biya miki makaranta. Yau kin hau bene kin sauko ki ce mini ba komai ba ne."

"Ban ce aikinka ba komai ba ne. Takardar nake nufi."

"Takardar ai aikina ce."

Yaya ya miƙe ya hau ta da faɗa. Ya ce dama ya faɗa, irinsu a ofis ɗaya suke shan shayi da manyan kamfanoni, wa ya san abin da aka danƙa mata. Ya ce baƙin ciki take yi don ba a sa ta a maganar tun farko ba. Zuciya ta ciyo ta. Ta zaro wayarta ta kunna bidiyon, ta ƙure murya, ta ɗora a kan tebur tsakanin sifanu. Muryar Baba ta cika garejin, yana dariya yana nuna yadda ake kwance bawul. Ta nuna kwanan watan da ke ƙasa, ta gaya musu abin da yake nufi, ba ta rage komai ba. Ta ce ko da Lauya ya rubuta shinge mai faɗin garin nan, wannan bidiyo kaɗai ya isa ya rushe shi, kuma ga wanda ya ɗauka nan tsaye yana zargin mutane da cin hanci.

Yaya ya yi wuri-wuri da ido. Can ya ce ai ita ma ta tura wa ƙawayenta a lokacin. Gaskiya ya faɗa, ta tura, tana ɗaliba tana alfahari da babanta, kuma kwana biyun nan abin na cinta.

Baba ya dubi ɗansa, ya dubi 'yarsa. Ya ɗauki salansar da bututun da ta naɗa ya yi jifa da su cikin tulin tsofaffin ƙarafa.

"Tashi ki bar mini gareji, Injiniya."

Bai taɓa kiranta da wannan suna ba sai ranar.

Duk da haka ta rubuta rahoton, shafi uku, na gaskiya, ta sa hannu ta kai wa Mama. Mama ta ce ita ba ta san uku da huɗun da suke faɗa a kai ba, abin da ta sani mutumin nan ya daina cin abincin kirki, kuma da Auta ta iya bakinta da ba a kai haka ba. Auta ta ce in ta iya bakinta fili zai tafi. Mama ta ajiye rahoton a kan firji, can ya zauna ba wanda ya taɓa.

Mako uku ba ta taka gidan ba. A ofis ta zama abin tsoro. Wani mai neman bashin banki ya kawo takardu tara na injin janareta, ta yaga su da jan biro cikin yini ɗaya, har shugabanta ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Sai Mama ta kira ta. Ta ce abin arziki ya samu: kamfanin ya aiko wasiƙa yana son sayen takardar, da kuɗin da za su gina gida. Ba sai an je kotu ba. Ranar Alhamis za a sa hannu. Yaya na ta yawo yana cewa ga wadda ta ce kar a saya, ga kuma masu saye sun zo da ƙafarsu.

Auta ta ajiye wayar. Kamfanin yana da ƙwararru irinta da yawa. Sun karanta shingen, sun ga bidiyon, sun san abin da ta sani. Kamfani ba ya sayen abin da zai iya samu kyauta, balle don tausayin tsoho. Wani abu suke nema, kuma ba takardar ba ce.

Washegari ta ɗauki izini ta tafi layin masu niƙa a bayan kasuwa. Wata mata mai injuna biyu, gari ya yi mata fari har gira, ta ce kar ma a yi mata maganar na kwali. Ta saya saboda araha, wata biyu ya yi lafiya, daga nan sai inji ya fara tari yana hayaƙi. Sau uku ana wanke mata nozul, bakin da ke fesa mai a cikin inji. Ta cire ta jefa a bokiti ta mayar da na Mai Kunne, wanda shekararsa huɗu bai taɓa ba ta kunya ba. Maƙwabcinta ya ce nasa ma haka. Auta ta sayi na bokitin, ta roƙi wani tsohon na Baba da aka cire daga mataccen inji.

A teburin kicin ɗinta ta kwance su biyun. A cikin kowane bawul akwai wani ɗan falle kamar farcen babban yatsa, ƙarfe iri biyu manne da juna. Harshe Baba ke ce masa. Shi ne ke lanƙwashewa in ya ji zafi, ya rufe dizal ya buɗe ɗaya man. Ta auna su, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Ta ɗora mai a tukunya ta sa ma'aunin zafi, ta riƙa tsoma su tana cirewa. Na Baba ya lanƙwashe a zafi ɗaya sau goma, bai kuskure ba. Na kamfanin ya lanƙwashe da wuri, sannan da wuri fiye da haka, kullum yana ƙara gaggawa. Shi ya sa yake sakin mai tun bai tsinke ba, man ya toshe nozul.

Ta ɗauko takardar ta bi ta layi-layi. Ba inda aka faɗi yadda ake yin harshe. Bawul kawai aka ce. A bidiyon ma an ga harshen, amma ba a ga yadda aka yi shi ba. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙuryar gareji da Baba ke shiga da wutar gas ya turo ƙofa, tun suna yara an hana su leƙawa. Can yake gasa ƙarfen, da ido yake gane launin da ya dace. Abu ɗaya tak da ya cancanci tsaro a duk na'urar, Lauya bai ko tambaya ba. Kuma wannan sakacin nasa ne ya sa har yau ba wanda ya san sirrin. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta buga tebur har man ya fantsama mata a hannu.

Ba a gayyace ta ba ranar Alhamis, amma ta je. Dogon tebur ne mai sheƙi, da robobin ruwa a jere. Manajan kamfanin na gefe ɗaya da mutanensa biyu, Baba na ɗaya gefen cikin kayansa na fita, Lauya a damansa, Yaya a hagu. Ta gaishe su ta ja kujera. Yaya ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa yatsa. Bai dube ta ba, bai kuma ce ta fita ba.

Manaja mutum ne mai taushin murya. Ya ce kamfaninsu na girmama masu fasaha irin Baba, wannan ciniki karramawa ce. Lauya ya ce ya karanta yarjejeniyar tsaf, ba matsala, ya zare murfin biro ya miƙa wa Baba. Auta ta ce a ba ta kwafi. Aka turo mata. Shafi goma sha huɗu ne. Daga baya ta fara, a shafi na goma sha ɗaya ta samu abin da take nema.

Ta karanta, sannan ta faɗa da maganar gida yadda Baba zai ji. Mai sayarwa zai miƙa duk wani sani da awo da dabara da suka shafi na'urar, rubutattu da waɗanda ba a rubuta ba. Zai koyar da ma'aikatan kamfanin wata shida. Bayan haka ba zai sake ƙera irinta ba, ba zai sayar ba, ba zai gyara ba.

Ta tambayi Manaja guda nawa aka dawo musu da su bana. Ya yi murmushi ya ce kowace sabuwar haja tana da 'yan gyare-gyare. Ta buɗe jaka ta ajiye harsunan biyu a tsakiyar teburin.

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki na kamfanin. Ya juya shi a haske, ya ɗalle shi da farce kusa da kunnensa. Ya ɗauki nasa ya yi masa haka. Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannunsa. Sannan ya juya wurin Lauya ya tambaye shi ko ya ga wancan shafin. Lauya ya ce ai haka ake rubutawa a kowace yarjejeniya, al'adar aikin ce. Baba ya ajiye biron a hankali ya miƙe.

"Kun kwafi bututu, na ce sata ce, aka ce mini doka ba ta ce haka ba. To na ji. Yanzu abin da kuka kasa kwafa, ni za ku kira in zo in koya muku, sannan in rufe garejina in koma gida in jira mutuwa?" Muryarsa ta fara hawa. "Wanda ya gasa wannan ko ƙusa bai iya gasawa ba. Ku je ku yi shekara goma sha ɗaya kamar yadda na yi."

Ya saka harshensa a aljihu, ya ture musu nasu, ya fita. Yaya ya bi shi yana Baba tsaya, Baba a yi magana. Auta na tattara jakarta Manaja ya ce mata, har yanzu da taushin murya, ta san in sun ga dama za su iya sa a soke takardar nan.

"Ku soke," in ji ta. "Harshen ba ya ciki."

Sun kuwa soke. Wata bakwai aka yi, da bidiyon Yaya da tsohuwar takardar nan ta wata ƙasa, kuma Baba bai je ya kare ba. Fili bai tafi ba, gidan da aka yi mafarki ma bai zo ba. Yaya ya daina yi mata magana. In sun haɗu wurin Mama sai ya gaida bango ya wuce, yana gaya wa dangi ita ta kori arzikin gidansu. Kamfanin ya ci gaba da sayar da nasa a kwali mai sheƙi, ya cinye yawancin kasuwar, don mai araha shi ake fara saye. Sai dai bayan wata biyu ko uku masu niƙa kan biyo layin masu walda da na kwalin a leda, Baba ya cire harshen ya sa nasa, yana zagin wanda ya ƙera tun daga kwancewa har ɗaurewa.

Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ba shi ba. Wata rana dai ya aiko Mama ta tambaye ta, wai wani abokinsa ne ke son sani, ko ana iya yi wa harshe takarda shi kaɗai. Ta je da kanta ta ba shi amsa. Ta ce in za a yi, sai ya rubuta yadda yake gasawa filla-filla, kowa ya karanta, kuma tun da ya yi shekaru yana sayarwa, takardar ba za ta yi ƙarfin da zai dogara da shi ba. Gara ya riƙe bakinsa. Ta kuma gaya masa injiniyoyin kamfanin za su gano da kansu wata rana, ko shekara biyu ko biyar. Wannan ta ƙarshen ta jawo mata kwana uku na shan mur.

Ta kai ƙarar Lauya wurin ƙungiyarsu, da hujjoji shafi ashirin. Bayan kusan shekara aka aiko mata amsa, layi biyar: an ja masa kunne a rubuce, an rufe magana. Allonsa na nan a saman kantin takalma, har an sake masa fenti.

Da wasiƙar a hannu ta wuce gareji daga ofis, ta tsaya a kan Baba tana karanta masa tana haki, tana cewa ja kunne, ja kunne fa, mutumin da ya kusa raba ka da filinka. Baba na wanke hannu da fetur, ya bar ta ta gama. Hannun nasa ya fara rawa a 'yan watannin nan, ta lura, ko da yake ba wanda ya isa ya faɗa. Ya ce ta ajiye takardar nan haka, ta cire agogo, ta naɗe hannun riga. Ya ɗauko baƙin tabarau na walda ya miƙa mata, ya tura ƙofar ɗan ɗakin ƙurya.

Falle bakwai ta ƙona ranar. Kowanne sai ya ce ta wuce, ko ba ta kai ba, ko wai ina idonta yake, wannan launin ne ya nuna mata? Ta ce ya faɗi zafin a lamba ta kawo ma'auni a huta. Ya ce shi bai san lamba ba, launi ya sani, in ba za ta iya ba ta koma benenta. Ta ce ba inda za ta. Suka yi ta yi har mai walda na maƙwabta ya leƙo ya ga ko faɗa ake. Na takwas ɗin Baba ya ɗaga shi a haske, ya ɗalle shi kusa da kunne, ya ce shi ma bai yi ba, amma ya fi na kamfani. Ya jefa shi a gwangwani, ya ce ta dawo Asabar da wuri, kuma ta zo da takalmin kirki.